BABI NA HUƊU: MATSAYIN HOTO A LITTATTAFAN ƘANANAN YARA NA HAUSA A BIRNIN SAKKWATO

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai dubi littattafan Hausa masu hotuna waɗanda ake ajiye wa ƙananan yara a gaba a birnin Sakkwato, domin a ga irin aikin da hoto yake yi a cikinsu, da kuma wanda aka yi su dominsa. Abin da ake nufi da ƙaramin yaro a nan shi ne wanda ya buɗe baki da magana amma bai iya karatu ba, wato daga ɗan shekara 2 zuwa 6 ko 7. Irin wannan yaro ba ya karanta littafi, sai dai a karanta masa. Don haka littafinsa na mutum biyu ne. Babba yana bin rubutu da baki, yaro yana bin hoto da ido, su haɗu a kan labari guda. Ra'ayin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, Hausa ta daɗe da samun littattafai masu hotuna, amma galibinsu na aji ne, an tsara su domin malami da allo da alli. Littafin da uwa za ta ɗora yaro a cinya ta buɗe masa, shi ne har yanzu yake da ƙaranci.

4.1 Littafi Mai Hoto da Littafin Hoto

Kafin a shiga nazari ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Akwai littafi mai hoto, akwai kuma littafin hoto. A na farko rubutu shi ne uban tafiya, hoto ɗan rakiya ne kawai, ko an cire shi labari ba zai ragu da komai ba. A na biyu kuwa an raba labarin gida biyu, an ba rubutu rabi, an ba hoto rabi, idan aka rufe ɗaya sai ɗayan ya gurgunce.

Na farkon tsoho ne a duniya. Tun a shekarar 1658 wani malamin makaranta na Turai mai suna Comenius ya fitar da Orbis Pictus, inda ya zana abubuwan duniya ya sa sunayensu, don yara su koyi Latin. Na biyun ya zo daga baya, kuma misali guda ya isa ya bayyana shi. A shekarar 1968 wata marubuciya 'yar Ingila, Pat Hutchins, ta wallafa Rosie's Walk. Rubutun littafin jimla ɗaya ce tak, ba ta faɗi komai ba face wata kaza ta fita yawo ta zaga gona ta komo gida. Amma a kowane shafi hoto yana nuna wani dila irin na ƙasarsu yana biye da ita, duk sa'ad da ya yi tsalle zai cafke ta sai wata tsiya ta same shi. Rubutu bai ambaci dilan ba ko sau ɗaya. Wato ke nan babba mai karatu ya zama kamar bai san abin da ake ciki ba, yaro mai kallo shi ne ya sani, shi zai riƙa nunawa da yatsa yana ihu yana gargaɗin kaza. Da wannan ma'auni za a auna littattafan Hausa: me hoto ya faɗa wanda rubutu bai faɗa ba, kuma me aka bar wa yaro ya gano da kansa?

4.2 Abin da Aka Gada

Kamar yadda Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna a cikin Hausa a Rubuce (1988), rubutun boko na Hausa ya taso ne a hannun hukuma. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a Zariya a 1933 a ƙarƙashin Dokta R. M. East, sai Kamfanin Gaskiya a 1945, sai Hukumar NORLA ta zamanin Yaƙi da Jahilci wadda ta tsaya a 1959, sannan Kamfanin NNPC a 1966. Duk waɗannan buƙatarsu guda ce, a sami abin karantawa a makaranta da ajin manya. Wannan asali bai saki littafin yara na Hausa ba har yau.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, shi ne littafi mai hoto da ya fi shiga gidajen Hausawa, kuma babu mai musun cewa an karanta wa yara da yawa shi a zaure da tsakar gida. Sai dai idan aka duba zubi da tsarinsa za a ga ba na ƙaramin yaro ba ne. Zane-zanen baƙi da fari ne, jefi-jefi, sai an wuce shafuka cike da rubutu kafin a tarar da ɗaya. Kowane zane yana maimaita wani wuri ne da aka riga aka faɗa a labari. Ga shi kuma labari ne cikin labari: aku yana ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labarai don ya hana shi fita, ga makircin Waziri yana tafe a bayan fage. Ɗan shekara 4 ba zai iya riƙe wannan zare ba. Wannan ba aibi ba ne ga Imam, don bai ce ya rubuta wa masu tatata ba. Abin lura shi ne, a cikin Magana Jari Ce daɗin yana ga harshe ne, hoto wurin hutawar ido ne kurum.

Ka Koyi Karatu da 'yan'uwansa, Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, sunayensu ma sun faɗi manufarsu. Umarni ne ake ba ɗalibi. A nan hoto ya yawaita, amma aikinsa na ɗan sanda ne, yana tsaye ya tabbatar yaro ya faɗi kalmar da ke kusa da shi. An zana abu, an rubuta sunansa ko wata gajerar jimla a kansa, shi ke nan. Babu abin da zai sa yaro ya matsu a juya shafi, domin shafi na gaba ba ya warware wani ƙulli da na baya ya ɗaura.

Wanda ya fi kusa da abin da ake nema shi ne Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littattafai 6 da kamfanin Oxford na Ibadan ya buga a farkon shekarun 1970. Ya tattara ainihin abin da yara suke so, wato tatsuniya da waƙa da wasa, ya kuma bar su da ɗanɗanon bakin masu faɗarsu. Amma tsarin littafin na taskacewa ne da karatun firamare. Tatsuniya guda takan zo a dunƙule, rubutu bisa rubutu, alhali a littafin hoto tatsuniya ɗaya ita kaɗai za ta cinye littafi, a yanka ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da shafinta.

4.3 Mu Karanta! da Littattafan Waya

Jihar Sakkwato ta shiga wani sabon yayi bayan gwajin karatu da aka yi wa 'yan firamare a jihohin Sakkwato da Bauchi a 2013, wanda ya nuna mafi yawan 'yan aji biyu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Daga 2015 shirin NEI Plus, wanda hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyi tare da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohin biyu, ya samar da jerin littattafan Mu Karanta! na aji ɗaya zuwa uku, da littafin ɗalibi da jagoran malami. Shirin ya ƙare, ita kanta USAID an rufe ta a 2025, amma littattafan sun cancanci nazari don sun shiga hannun yara masu yawan gaske.

Dole a yaba musu a kan abubuwa biyu. Mutanen da ke cikin hotunan Hausawa ne da tufafinsu da muhallinsu, kuma an tanadi lokacin da malami zai karanta wa yara labari su saurara, a yi musu tambaya. Sai dai ƙa'idar da aka gina littafin ɗalibi a kanta ita ce, a gina jimla da baƙaƙe da wasulan da aka riga aka koyar. Wannan ƙa'ida daidai take ga mai koyon haɗa baƙi. Amma tana ɗaure marubuci tamau, domin a darussan farko haruffa kaɗan gare shi, da su zai ƙaga suna da aiki da labari. Abin da yakan fito shi ne jimloli masu tsabta marasa gishiri. Yaron da ke tsakar gida yana jin habaici da kirari da zaurance a bakin yayyensa ya wuce wannan Hausar nesa, a kunne. Idonsa ne bai iya ba, ba kunnensa ba. Littafin da za a karanta masa ba ya buƙatar wannan takunkumi ko kaɗan, tun da ba shi zai haɗa baƙin ba. Matsalar ita ce an ɗauki littafin koyon karatu a matsayin shi ne littafin yara, har ba a ganin giɓin.

Akwai kuma littattafan da ake samu kyauta ta intanet, kamar na shirin African Storybook da cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, da StoryWeaver na kamfanin Pratham Books na Indiya da ya fara a 2015. Waɗannan littattafan hoto ne na sosai, masu launi, jimla ɗaya ko biyu a shafi, kuma akwai na Hausa a cikinsu. Amma da yawansu fassara ce, an sauya rubutu an bar hoto yadda yake. Sai a ga baki yana Hausa, ido kuwa yana wata ƙasa, ɗakuna da itatuwa da suturar ba irin na Mabera ko Runjin Sambo ba. Ba laifi ba ne yaro ya leƙa duniya ta littafi. Laifin shi ne ya zamana bai taɓa ganin jar akuyar garinsu a shafi ba, ko raƙumi ɗauke da kaya, ko majema suna shanya fata, ko masu kwalekwale a Gulbin Rima, har ya ɗauka cewa abin da ya isa shiga littafi sai na wasu.

4.4 Gatana a Matsayin Ma'auni

Bahaushe bai jira Turawa ba kafin ya san zama da yaro a kan labari. Tatsuniya, wadda a ƙasar Sakkwato aka fi sani da gatana, tana da duk siffofin da masana suke nema a littafin hoto nagari. Ba ta farawa sai an yi musayar magana, mai bayarwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa, idan ba su amsa ba babu labari. Tana da maimaici, inda tauraro zai gamu da abu na farko da na biyu da na uku da kalmomi kusan iri ɗaya, har yaro ya riga mai bayarwa faɗa. Tana da waƙa da amshi a tsakiya. Tana da kwaikwayon murya. Tana kuma da marufi, ƙurunƙus, wanda yake sanar da yaro an dawo duniya.

Idan aka ɗora littattafan da aka ambata a kan wannan ma'auni za a ga abin da ya fi ɓacewa shi ne gurbin yaro. A gatana yaro abokin aiki ne. A littafin aji kuwa mai amsa tambaya ne, kuma amsar tana hannun malami tun kafin a yi ta. Maimaicin ma da yake ƙashin bayan gatana, masu mayar da ita rubuce sukan taƙaita shi don tsimin takarda, su ce haka aka yi ta yi har sau uku. A wurin babba wannan gyara ne. A wurin yaro an cire naman an bar masa romo, domin jin daɗinsa yana cikin sanin abin da zai zo. Littafin hoto shi ne ya fi dacewa da maimaici, don kuwa rubutu zai iya tsayawa yadda yake a shafi uku a jere, hoto ya riƙa sauyawa.

Sai dai akwai wani saɓani tsakanin gatana da hoto wanda bai kamata a tsallake ba. Gatana 'yar dare ce, al'ada ma ta hana yin ta da rana. Duhu yana cikin kayan aikinta, shi yake ba yaro filin da zai zana wa kansa abin da yake ji. Hoto kuwa sai da haske. Da zarar an kunna fitila an buɗe shafi, mai zane ya yanke hukuncin da murya ta bari a buɗe.

Gizo ya isa misali. A gatana Gizo yana noma, yana aure, yana zuwa fada, yana da mata Ƙoƙi, yana magana da tsamin baki, kuma idan ta ɓaci yakan haye rufin ɗaki ya ɓuya. Mutum ne ko ƙwaro? Mai bayar da labari ba ta taɓa buƙatar amsa wannan ba, yaro kuma yana riƙe da duka biyun a ransa ba tare da damuwa ba. Mai zane ba shi da wannan dama. In ya zana ƙwaro mai ƙafa takwas, to yaya zai riƙe hauya, yaya zai durƙusa gaban sarki? In ya zana mutum da riga da hula, dariyar da ke cikin ƙanƙantarsa da girman cikinsa ta tafi. Haka Dodo. Ƙarfin Dodo yana cikin rashin kamanninsa, kowane yaro da irin nasa. In aka zana shi ƙiri-ƙiri, ko dai ya zama abin dariya, ko ya yi muni har a kasa barci. Mai zane mai basira zai koyi dabara daga mai gatana, ya nuna sawu ko inuwa ko hannu ɗaya daga bayan rumbu, ya bar sauran. Wannan yana nuna cewa zanen littafin yara fassara ce, tana buƙatar sanin al'ada kamar yadda rubutun yake buƙata. Amma a al'adar ɗab'i ta Hausa marubuci ake sani, mai zane kuwa sau da yawa sai an gama rubutu ake kiransa ya cike gurbi.

Game da hukuncin zana mai rai, gaskiya ne malamai sun yi saɓani, kuma a gari irin Sakkwato ba za a yi watsi da wannan ba. Sai dai da yawa sun sassauta a kan abin wasa da koyarwar yara, suna kafa hujja da hadisin da ya nuna Nana A'isha tana wasa da 'yar tsana. Bugu da ƙari, idon ɗan Sakkwato ba baƙon zane ba ne. Ya san zayyanar allon sauka, ya san aikin dukawa a jikin fata, da na masu sassaƙar ƙwarya, da ɗinkin hula. Waɗannan launuka da siffofi taska ce da littafin yara bai taɓa ba tukuna.

4.5 Bakin da Zai Karanta

Tun da littafin na mutum biyu ne, wajibi ne a tambayi wane ne na biyun. A yawancin gidaje uwa ce, ko kaka, ko ya, ko goggo. A nan matsaloli biyu suke tasowa.

Ta farko ita ce karin harshe. Littattafan duk da Daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda ta fi jingina da Kananci. Yaron Ƙofar Rini ko Gidan Haki kuwa wanga ya sani kafin wannan, gidanai kafin gidansa, biyat kafin biyar, mussa kafin kyanwa, tahi kafin tafi. A aji akwai hujjar a koya masa daidaitaccen rubutu, don ya iya karanta abin da aka buga a ko'ina. Amma a kan tabarma, uwar da take karanta wa ɗanta da Hausar da ba ta magana da ita takan koma kamar mai karanta labarai a rediyo, muryarta ta bushe, yaro ya ji ba ita ba ce. A nan ne littafin hoto na gaskiya yake da fifiko a kan mai tarin rubutu. Idan rubutu kaɗan ne kuma hoto yana ɗauke da labari, uwa za ta dubi shafi ta faɗa da Sakkwatancinta, ba ta saɓa wa littafi ba. Ba kuma abin da zai hana a bar maganar taurari cikin karin garinsu, bayanin marubuci ya zauna a daidaitacce.

Ta biyu ita ce, ba kowace uwa ta yi boko ba, amma da yawa sun yi makarantar allo ko Islamiyya, suna iya bin haruffan Larabci. Littafin yara da aka buga da boko zalla ya rufe musu ƙofa. Jimla ɗaya a shafi ba ta da tsawon da za a kasa rubuta ta sau biyu, boko a sama ajami a ƙasa. Sakkwato ma tana da abin koyi a tarihinta. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta tsara waƙoƙinta ne da sanin cewa mafi yawan masu amfana da su ba za su karanta da idonsu ba. Jajis na 'Yan Taru su ne suke ɗaukar karatun su kai wa mata a ƙauyuka da baki. Wato ta rubuta ne tana tunanin mutum biyu, mai ɗauka da mai karɓa, ta kuma zaɓi harshe da tsarin da zai zauna a bakin mai ɗauka. Wannan tunani shi ne ya yi ƙaranci a wajen masu tsara littattafan yara, waɗanda malamin aji kaɗai suke hange.

Al'amarin ya ƙara nauyi saboda sauyin manufar gwamnati. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, ta 2022 ta faɗaɗa shi zuwa shekaru 6 na firamare, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan tsari da komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Tun da kusan duk littattafan yara na Hausa makaranta ce take sa a buga su, kuma ita take saye, duk abin da ya rage wa Hausa matsayi a aji zai taɓa su kai tsaye. Mai sayar da littattafai a kasuwar Sakkwato yana ajiye abin da ake tambaya ne, littattafan addini da waɗanda makaranta ta rubuta wa iyaye a takarda. Littafin da ba ya cikin manhaja, ga tsadar launi da takarda mai kauri da za ta jure hannun ɗan shekara 3, sai iyaye sun nema da kansu kafin mai ɗab'i ya sa kuɗinsa a ciki.